Shin Yarinta ce Magidanci Ya Koma Buga Tsofaffin Gem?

Baban Ummi, Samaru:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Akwai wata magana da ta kwana biyu tana ci mini tuwo a ƙwarya, kuma na ga ya dace in kawo ta gabanku tunda yawancinmu tsara ɗaya ne. Watanni huɗu da suka wuce na sayi wata 'yar na'urar gem ta hannu, irin waɗanda ake shigo da su daga Sin, girmanta bai wuce tafin hannu ba, an zuba mata tsofaffin wasannin Nintendo da Sega da PlayStation ta farko. Shekarata 43, ina da iyali, kuma rabona da riƙe gem tun ina ɗalibi. Daren da ta iso, bayan sallar isha'i yara sun kwanta kuma an ɗauke wuta, na shimfiɗa tabarma a tsakar gida na kunna Contra. Kafin in yi wani tunani yatsuna sun riga ni: sama sau biyu, ƙasa sau biyu, hagu, dama, hagu, dama, B, A, sannan na danna farawa, sai ga rai 30 sun bayyana kamar yadda muke yi a gidan wani maƙwabcinmu shekaru talatin da suka wuce. Na daɗe ina kallon allon ban ce komai ba.

Abin da ya sa na kawo maganar shi ne, makon jiya ina zaune a majalisarmu na ciro ta ina bugawa, sai wani yayanmu da nake ganin girmansa ƙwarai ya dube ni ya ce, "Kai ma da furfura a gemu?" Bai ƙara komai ba, amma maganar ta tsaya mini a rai. Shin da gaske akwai zubar da girma a wannan abu, ko kuwa sabo ne kawai ya sa ake yi masa kallon kayan yara?

Malamin Lissafi, Kongo:
Wa alaikumus salam, Baban Ummi. A ganina sabo ne, kuma lissafin shekaru kaɗai ya isa ya nuna haka. Nintendo ya fitar da na'urar gem ɗinsa ta Famicom a Japan a 1983, Super Mario Bros. ya fito a 1985, Mega Drive ta kamfanin Sega ta biyo baya a 1988, sannan Game Boy a 1989. Yaron da yake da shekara goma lokacin da waɗannan kaya suka fara isowa garuruwanmu, yau ya ba arba'in baya, wani ma ya aurar da 'ya. Iyayenmu ba su taso da gem ba, a hannun yara suka fara ganinsa, don haka suka ɗauke shi kayan yara. Amma dara fa? Za ka tarar da dattawa a gindin bishiya sun haƙa gurabe suna yi har la'asar ta kawo jiki, babu mai cewa sun zubar da girma, domin su ma a hannun manya suka tarar da ita. Haka kallon ƙwallo: magidanci zai zauna minti casa'in yana kallon wasan da ake yi a Ingila, kowa ya ga daidai ne. Ban ga dalilin da zai sa wanda yake bugawa da hannunsa ya fi mai kallo cancantar zargi ba.

Yaya Babba, Tudun Wada:
Malam, na ji hujjarka, amma ku yi mini haƙuri, ni ina bayan wanda ya yi wa Baban Ummi magana. Kuna tuna daɗin gidajen gem, ni kuwa ina tuna ɗaya ɓangaren. Ni ne babba a gidanmu, kuma sau da yawa ni ake turawa in zaƙulo ƙannena daga wani shago mai duhu a bayan layinmu, lokacin da ya kamata a ce suna Islamiyya. Na ga yaron da aka aika cefane ya ƙarar da kuɗin a can, na ga wanda magariba ta wuce shi yana jiran layi ya zo kansa. Ɗaya daga cikin ƙannena sai da ya maimaita aji. Saboda haka idan na ga babban mutum riƙe da wannan abu, ba na'urar nake gani ba, wancan shagon nake gani. Kuma tambayata ita ce, wanda ake so ya hana yara, idan shi ne ya zauna yana yi, da wane baki zai hana su? Lokacin magidanci ba nasa ba ne shi kaɗai, akwai haƙƙin iyali, akwai zumunci, akwai karatun da yawancinmu muka ajiye muna cewa babu lokaci.

Maman Sadiq, Hanwa:
Yaya Babba, maganarka a kan hanya take game da lokaci, kuma babu mai hankalin da zai musa. Sai dai ina so in kawo wani abu da na lura da shi a cikin gidana, domin ina ganin shi ne bambancin da ba a faɗa ba tukuna.

Mu mata ba a bar mu mun shiga gidajen gem ba. Rabonmu shi ne 'yar robar nan da ake kira Brick Game, wadda aka rubuta mata 9999 in 1 alhali wasannin cikinta 'yan kaɗan ne ake ta maimaitawa, sai kuma Snake a wayar Nokia 3310 bayan shigowar wayar salula a 2001. Daga baya na gane cewa wasan jera tubalan da na fi so kwaikwayon Tetris ne, wanda wani injiniya ɗan Rasha, Alexey Pajitnov, ya ƙirƙira a Mosko a tsakiyar shekarun 1980. Ni ma'aikaciyar jinya ce. Idan na dawo daga aikin dare, jikina ya gaji amma ƙwaƙwalwata ta ƙi kwanciya, fuskokin marasa lafiya suna ta dawo mini, Tetris nake kunnawa. Minti goma sha biyar ko ashirin, tubalan su cika, wasa ya ƙare, in ajiye in yi barci.

Ku lura da wannan kalma, ya ƙare. Wasannin da ke cikin wayar 'ya'yana ba sa ƙarewa. Kowace safiya suna aiko da saƙo cewa ga kyautar yau, idan ba ka shigo ba za ka rasa. Suna cin data, suna cusa talla tsakanin mataki da mataki, wani tallan ma ba ka so yaro ya gani, sannan su kai ka wani wuri mai wuya su ce ka biya kuɗi ka wuce. An tsara su ne don kada ka ajiye. Tsohon gem kuwa an riga an sayar da shi tun a kanti, wanda ya yi shi ba ya da sauran buƙata a aljihunka, saboda haka ba ya kiranka. Idan ka kashe shi ya yi shiru har sai ranar da ka neme shi. A wurina abin da Yaya Babba yake tsoro ya fi yawa a cikin wayar da ke aljihun kowannenmu fiye da abin da ke hannun Baban Ummi.

Malamin Lissafi, Kongo:
Hajiya ta taɓo inda ya dace. Zan ƙara da cewa wanda ya jagoranci ƙera Game Boy, Gunpei Yokoi, da gangan ya zaɓi tsohuwar fasaha mai araha. Allonta ba shi da launi, kore-kore ne, ba shi da fitila, amma batir huɗu suna kai mutum fiye da awa goma. Game Gear ta Sega, wadda ta fito a 1990 da allo mai launi, batir shida take ci kuma cikin awa uku zuwa biyar ta shanye su. A ƙarshe mai koren allon ce ta mamaye kasuwa, domin ita da ƙanwarta Game Boy Color sun haura miliyan 118 a duniya. Mu da muke zaune inda wuta ba ta da tabbas mun fi kowa fahimtar hikimar mutumin nan.

Mai Gyaran Rediyo, Sabon Gari:
Ni ba zan shiga batun girma ko rashinsa ba, wannan na bar wa malamai. Amma shekara fiye da ashirin ina gyaran kayan lantarki, kuma a 'yan shekarun nan manyan mutane ne suke kawo mini waɗannan na'urori, ba yara ba. Wani zai zo da ita a nannaɗe cikin leda ya ce ta ɗansa ce, amma yadda yake tsaye a kaina yana kallon hannuna na san tasa ce. Saboda haka bari in faɗi abin da zai amfane ku.

Wanda ya samo ta asali a cikin kayan gwanjo, ya fara duba bayan adaftarta kafin ya kusanci soket. Kayan Amurka na wuta 120 ne, na Japan 100, mu kuwa tamu 230 ce. Idan ka jona kai tsaye, ƙara ɗaya za ka ji sai ƙauri, shi ke nan. Dole sai da ƙaramar taransifoma mai rage ƙarfin wuta, ko a canza adaftar da wadda ta dace. Wani lokaci kuma hoto ya fito fari da baƙi, mutum ya ɗauka ta lalace, alhali tsarin hotonta NTSC ne, tsohuwar talabijin ɗinsa kuma PAL kaɗai take karɓa.

Batun hura kaset da baki, wanda dukanmu muka yi, ku daina. Ba iskar ce take gyarawa ba, cirewa da mayarwar ne suke sa haƙoran su haɗu, danshin baki kuwa tsatsa yake haifarwa a hankali. Ƙurar hunturu a garin nan ba ta barin komai, don haka a sami auduga da sifirit a goge haƙoran, a bari su bushe, sannan a ajiye kaset ɗin cikin abu mai murfi. Idan kaset ya daina riƙe inda ka tsaya, akwai ɗan batir mai kama da kwabo a cikinsa da ya mutu, ana cire shi a liƙa sabo da dalma. Kuma kada wanda ya bar batir cikin Game Boy ya jefa ta a akwati, ruwan batir ya kashe na'urori da yawa da aka kawo mini.

Mai son wasan harbin agwagi, Duck Hunt, ya sani bindigar ba ta aiki da talabijin ta bango, sai tsohuwa mai doro, saboda da yadda waccan take haska hoto bindigar take gane inda aka saita ta. Wanda yake da irinta a ɗakin ajiya kada ya ba 'yan gwangwan.

Baban Ummi, Samaru:
Allah ya saka da alheri, Oga. Ina ma na ji wannan tun da wuri. Tawa ba ta asali ba ce, irin mai kwaikwayo ce, kuma wata guda da sayenta memorin da ta zo da shi ya lalace. Na kai kusan ƙarshen wani dogon wasa da nake bi kaɗan-kaɗan kowane dare, da safe na kunna na tarar babu komai. Na koma wurin wanda ya sayar mini ya ce shi ba ruwansa da abin da ke ciki. Raina ya ɓaci fiye da yadda na zata.

Mai Gyaran Rediyo, Sabon Gari:
Wannan ya sami mutane da yawa, Alhaji. Masu haɗa kayan a kan araha sukan sa memori mara suna don su rage kuɗi. Ranar da ka saya, ka kwafe duk abin da ke ciki zuwa kwamfuta, ka sayi memori mai kyau ka mayar a kai, tsohon kuma ka ajiye shi. Na'urorin kansu, irin su Anbernic da Miyoo, ƙananan kwamfutoci ne masu ɗauke da manhajar da ake kira emuleta, wadda take kwaikwayon aikin tsohuwar na'ura. Suna caji kamar waya, allonsu yana da haske, kuma kana iya adana wasa a duk inda ka tsaya, abin da na asali da yawa ba sa yi. Ga magidancin da za a iya kira kowane lokaci, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Ɗan Kwangila:
Na karanta duk abin da aka rubuta, kuma ni matsalata da 'yar na'urar hannun daban ce da ta Yaya Babba. Ni ma na saya, na yi mako biyu ina murna, sannan na jefa ta a durowa, domin na gane ba wasan nake kewa ba.

Abin da nake tunawa shi ne benci biyu, talabijin ɗaya, ƙarar janareta a waje, da mutum goma sha biyu suna jiran hannu biyu, wato abin da ake riƙewa a danna a buga wasan. Winning Eleven ne a PlayStation, faifan na Japan ne, babu wanda ya iya karanta rubutun amma kowa ya haddace inda zai danna. Ƙa'ida ita ce wanda ya ci ya zauna, wanda aka ci ya miƙa hannu. Kowa ya san idan ka ɗauki Najeriya ka jefa wa Tijani Babangida ƙwallo a gefe babu mai kamo shi, kuma muna alfahari da hakan domin ɗan Kaduna ne, yana Ajax a lokacin, ga zinaren da Najeriya ta ci a ƙwallon Olympics na Atlanta a 1996 bai daɗe ba. Wanda ya ɗauki Brazil kuma sai ya ɗauko Roberto Carlos daga baya ya kai shi gaba, a yi ta gardama ko hakan halal ne a wasa. Idan aka zura ƙwallo, ihun da ake yi har masu shayi suna jiyowa. A wannan bencin na san mutumin da daga baya ya zama babban abokina a ranar aurena.

Yanzu sai ga ni ni kaɗai a ɗaki, allon inci uku da rabi a hannuna, na ci ƙwallo babu wanda ya gani. Wasan yana nan yadda yake, har muryar mai sharhin Japan ɗin, amma abin ya zame mini kamar tuwo babu miya. Saboda haka ina ganin da yawa daga cikinmu muna sayen na'ura ne muna neman mutanen da suka watse, wani yana Abuja, wani yana Legas, wani ya riga mu gidan gaskiya.

Maman Sadiq, Hanwa:
Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Amma ka ga, ƙanena, wannan ya danganta da yadda kowa ya fara. Ku a cikin taro kuka fara, ni kuwa a ɗakin mahaifiyata na fara, ni kaɗai, a ƙarƙashin fitilar ƙwai domin allon ba ya ganuwa a duhu. Kaɗaicin da ya dame ka shi ne abin da nake nema bayan na kwana a tsaye cikin mutane.

Ɗalibin Shari'a, Gyallesu:
Ina neman afuwar manya, ni ƙarami ne a cikinku, amma akwai gefen da ba a taɓa ba. Dubban wasannin da ake zubawa a waɗannan na'urori ba da izinin masu su aka kwafe su ba, kuma tsufan wasa ba ya cire shi daga haƙƙin mallakar kamfanin da ya yi shi. Wannan gaskiya ce ko da ba ta yi mana daɗi ba. A ɗaya hannun kuma, wani bincike da gidauniyar Video Game History Foundation ta fitar a 2023 ya nuna cewa kusan kashi 87 cikin 100 na wasannin da aka fitar a Amurka kafin 2010 masu su sun riga sun daina sayar da su, kuma a watan Maris na 2023 Nintendo ya rufe kantinsa na intanet na na'urorin 3DS da Wii U. Wato ko mutum yana da kuɗi a hannu yana son ya biya, sau da yawa babu inda zai kai su. Ni abin da na tsayar wa kaina shi ne, duk wasan da mai shi yake sayarwa har yanzu kuma ina da halin saya, in saya. Sauran kuwa ban gama warware su a zuciyata ba, kuma zan so in ji ra'ayin waɗanda suka fi ni sani a ɓangaren addini.

Yaya Babba, Tudun Wada:
Yaron nan ya yi tambaya mai nauyi, kuma ta malamai ce, kada mu yanke mata hukunci a nan. Game da tawa maganar, na sake karanta abin da Hajiya ta rubuta sau biyu. Jiya na duba wayata na ga awoyin da na ƙarar ina kallon gajerun bidiyo a mako guda, kuma ban ji daɗin abin da na gani ba. Don haka ba zan ce wanda ya yi minti ashirin da gem ya fi ni ɓata lokaci ba. Amma har yanzu ina kan bakana a abu ɗaya, Baban Ummi: majalisa wurin mutane ce. Idan ka zauna cikin 'yan uwa kanka a sunkuye, ko gem ne ko waya, ka bar su ke nan alhali kana tare da su. Wataƙila abin da yayanka ya gani ke nan, furfurar kawai ya samu ya kama.

Baban Ummi, Samaru:
Yaya, wannan ta shige ni, kuma na karɓa. Ban taɓa kallon abin ta nan ba, kuma ba zan sake fitar da ita a majalisa ba.

Maganar Ɗan Kwangila ma ta sa na yi wani abu ranar Asabar. Na miƙa wa Ummi, 'yata mai shekara tara, na kunna mata Super Mario Bros. ban yi mata bayanin komai ba. Halittar farko da ta tunkaro ta ta kashe ta, ta sake, ta kashe ta, a karo na uku ta gano tsalle da kanta, ta ɗago ta dube ni fuskarta cike da murna. Muka yi ƙa'ida irin ta da, wanda ya mutu ya miƙa, kuma da aka kira la'asar na kashe, ta yi ɗan ƙorafi ta tashi ta yi alwala. Ƙanenta yana ta leƙe ta kafaɗarta, allon kuwa ya yi mana ƙanƙanta mu uku.

Wannan ya tuna mini cewa tsohuwar Sega ɗinmu tana gidan Hajiyarmu a cikin Birni. Na je jiya na same ta a ƙasan wani akwatin ƙarfe, da hannu biyu da kaset uku, ɗaya na Sonic ne, sauran biyun takardar jikinsu ta goge. Adaftar ce babu, kuma wayar hannu ɗaya ɓera ya taɓa ta. Oga, idan na kawo za a iya yin wani abu?

Mai Gyaran Rediyo, Sabon Gari:
Kawo ta, Alhaji, amma don Allah kada ka gwada ta da wata adaftar da ka tsinta a gida, domin ko bakin ya shiga, idan ƙarfin wutar ko juyin wayoyin bai dace ba za ka ƙona ta. Ka ɗauki hoton takardar da ke manne a ƙasanta ka turo mini in ga ko ta farko ce ko ta biyu, saboda adaftarsu ba ɗaya ba ce. Wayar hannun abu ne mai sauƙi, zan yanke wurin in haɗa. Ka taho da kaset ɗin duka uku mu goge su mu ga abin da ke cikin biyun nan. Ina shago daga ƙarfe tara har magariba, ban da lokacin sallar Juma'a.

Ɗan Kwangila:
Idan ta tashi a sanar da ni, Baban Ummi. Akwai talabijin mai doro a ɗakin ajiyarmu da take aiki har yanzu, zan ɗauko ta a Keke in kawo Samaru, kuma ina da kaset ɗin Street Fighter II da na kasa rabuwa da shi tun ina sakandare.